Wane asibiti mai hawan jini ko suga zai riƙe a Kumasi: Gee, na gunduma, na kuɗi, ko famasi?

Duk gidan da yake da tsoho ko tsohuwa mai hawan jini ko ciwon suga ya san wannan muhawarar. Babban wa ya ce a kai ta Gee, wato Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye, can ne manyan likitoci suke. Ƙanwa ta ce layin Gee sai ya ƙara mata ciwo, gara a riƙa zuwa asibitin gwamnati na Manhyia ko na Tafo. Wanda yake turo kuɗi daga Jamus ko Italiya ya ce a nemi asibitin kuɗi, shi zai biya. Ita kuwa mai ciwon, in an bar ta, kantin maganin bakin layi ya ishe ta, don yaron kantin ya san ta, yana gaishe ta da Hausa, har bashi yake ba ta.

Mun yi wannan ja-in-ja a gidanmu a Aboabo kan Mma, tsohuwarmu, fiye da shekara biyu, kowa yana kai ta inda ya yarda da shi. Wata asuba ta tashi alwala sai jiri ya ɗebe ta, ta dafa bango. Ƙafafunta sun kumbura har silifas ba ya shiga. Na zazzage ledar da take tara magunguna a kan tabarma, na kwashe su duka na kai wa wani mai harhaɗa magani. Ya jera su a kan kanta, ya ware kwali biyu gefe guda, ya ce, "Malam, wa ya ce Hajiya ta haɗa waɗannan?" Ɗaya amlodipin ne da aka rubuta mata a wani asibiti. Ɗayan nifedipin, daga wani asibitin daban da ƙanwata ta kai ta lokacin da na yi tafiya. Dangi ɗaya ne, aiki ɗaya suke yi a jijiyoyin jini, kuma kumburin ƙafa da jiri suna cikin abin da suke jawowa, balle an ninka. Likita na biyu bai san da na farko ba, Mma kuma ta ɗauka ƙari aka yi mata. Da na tambaye ta, cewa ta yi, "Ɗan nan, duka likita ne ya ba ni. Wanne zan ƙi?"

Tun daga ranar na shiga neman yadda ake gane wurin da zai riƙe mai ciwo irin nata da kyau. Abin da na samo shi zan shimfiɗa a nan ga wanda yake tsakiyar irin muhawarar da muka yi.

Abin da za mu auna

Mai zazzaɓin cizon sauro yana iya shiga kowane asibiti, a gwada shi, a ba shi magani, ya warke, shi ke nan. Hawan jini da suga zama ne na shekaru: a auna, a gyara magani, a dawo, a sake aunawa. Saboda haka tambaya ta farko ita ce ko zuwan yau ya ɗora a kan zuwan watan jiya. Girman gini da yawan na'urori suna biyo baya.

Masana suna kiran wannan ɗorewar kulawa. A 2003 Jeannie Haggerty ta Kanada da abokan aikinta sun wallafa wani nazari a mujallar likitoci ta BMJ, inda suka kasa ta gida uku. Akwai ɗorewar bayani, wato gwaje-gwaje da magunguna da tarihin ciwo su riƙa bin mutum duk inda ya je. Akwai ɗorewar tsarin magani, wato duk masu duba shi su bi hanya ɗaya, kada wannan ya ɗaura wancan ya kwance. Sai ɗorewar dangantaka, a samu mutum ɗaya ko 'yan kaɗan da suka san shi, shi ma ya san su. A wajen Mma, ta farko da ta biyu ne suka tsinke lokaci guda.

Ta ukun ma ba ta tsaya a jin daɗin gaisuwa ba. A 2018 Denis Pereira Gray da abokan aikinsa a Ingila sun tattara bincike 22 daga ƙasashe tara, suka wallafa a BMJ Open. A 18 daga ciki, mutanen da suka fi ganin likita ɗaya a kai a kai sun fi ƙarancin mace-mace.

Hanya mafi sauƙi ta aunawa ita ce ƙirga, kuma masu bincike ma da ita suke farawa. Ka ƙirga sau nawa aka je ganin likita a shekara, sannan sau nawa daga ciki aka ga mutumin da aka fi gani. A shekarar da muke yawo da Mma ta je sau tara, kuma wanda ta fi gani sau biyu kacal ta gan shi. Biyu cikin tara. Shekarar da muka tsaya wuri ɗaya ta je sau shida, biyar a hannun mutum ɗaya. Ba a bukatar kwamfuta don wannan lissafi, katin asibiti da tunanin mai rakiya sun isa.

Sai dai ƙirga tana da iyaka. Kana iya ganin mutum ɗaya sau goma bai taɓa ɗaga kai daga takarda ya dube ka ba. Shi ya sa ake tambayar majinyacin da kansa. A Holan, a 2011, masu bincike a Nijmegen sun tsara takardar tambayoyi 28 da majinyaci yake amsawa: ko mai duba shi ya san shi, ko ya damu da shi, ko masu duba shi suna miƙa wa juna bayani. A kan wannan tunani na tsara tambayoyi shida da nake yi wa Mma a hanyar komawa gida. Da kika shiga, sai da kika faro labarin ciwon daga tushe, ko ya riga ya sani? Gwajin da aka aike ki wancan karon, ya duba sakamakon ya faɗa miki abin da ya nuna? Ya san duk abin da kike sha, har da na wani asibitin, har da jiƙo da sassaƙe? Da aka tura ki wurin likitan ido, an ba ki takarda, kuma bayani ya dawo? An taɓa faɗa miki abu biyu masu karo da juna? Kin fito kin san ranar dawowa, da wanda za a nema in jiki ya rikice kafin ranar?

Tambaya ta uku ita ce ta fi tona asiri. Tsohuwar da take ɓoye wa likita jiƙonta don tsoron faɗa, to babu dangantaka a wurin, ko da shekara biyar take zuwa.

A kan waɗannan na ƙara abu huɗu da kowane gida yake lissafawa: kuɗi, sauƙin zuwa, ko za a iya ɗorewa a wurin, da haɗari. Kuɗi kuma ya wuce abin da aka rubuta a rasit. Akwai kuɗin pragya, keke mai ƙafa uku, da na trotro, motar haya, akwai wunin da mai rakiya ta rufe shagonta a Kejetia ko a kasuwar Asawase.

Katin inshora, da darasin kapiteshan

Kowane zaɓi a nan yana rataye da katin NHIS, wato inshorar lafiya ta ƙasa. An kafa tsarin da doka mai lamba 650 a 2003, aka sabunta da mai lamba 852 a 2012. Yana ɗaukar ganin likita don hawan jini da suga, da magungunan da suke cikin jerinsa, irin su amlodipin, metformin da insulin. Wanda ya kai shekara 70 ba ya biyan kuɗin shekara, sai ɗan kuɗin sabuntawa, kuma ana sabuntawa ta waya da *929#. Ƙa'idar da ta fi shafar maganarmu ita ce a fara daga ƙaramin asibiti, shi zai ba da takardar turawa zuwa wurin ƙwararru.

Mu mutanen Kumasi mun taɓa ɗanɗana tsarin da aka gina a kan riƙe wuri ɗaya. A Janairun 2012 hukumar inshora ta fara gwajin kapiteshan a yankin Ashanti: kowa ya zaɓi asibiti ɗaya da zai riƙa zuwa, hukuma kuma ta biya asibitin kuɗi bisa yawan mutanen da suka zaɓe shi. An yi ta ƙorafi, asibitoci suna cewa kuɗin bai isa ba, jama'a suna cewa an ɗaure su, har aka dakatar da shi a 2017. A ganina kuɗin da tilascin ne suka kashe shi. Tunanin cewa mai ciwo ya zama yana da gida ɗaya a cikin asibitoci yana nan da kyansa. Yanzu dai babu mai zaɓa maka, kai za ka zaɓa.

Gee

Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye da ke Bantama, wanda har yau muke kira Gee saboda kamfanin Gee, Walker and Slater da ya gina shi a shekarun 1950, ya zama asibitin koyarwa a 1975. Yana da gadaje kusan 1,200, kuma nan ake turo marasa lafiya daga Ashanti da yankunan Bono har zuwa arewacin Ghana. Akwai cibiyar masu ciwon suga, akwai likitocin zuciya, ƙoda, ido da jijiya, duk a haraba ɗaya. Ga wanda ciwonsa ya taɓa gaɓoɓi da yawa, wannan ita ce babbar fa'idarsa: likitan ƙoda yana iya ganin abin da likitan suga ya rubuta ba tare da ka ɗauko takarda daga wata unguwa ba.

A ma'aunin dangantaka kuwa, yanayin kowane asibitin koyarwa ne yake rage masa maki. Tawaga ce take duba mutum. Babban likita yana nan shekara da shekaru, amma da yawa daga masu zama a ɗakunan duba marasa lafiya likitoci ne masu neman ƙwarewa da sababbi masu zagaya sassa bayan 'yan watanni. Haka ake horar da likita a ko'ina a duniya. Amma in ka yi ƙirgar nan tamu, da wuya adadin ya yi sama. Sai a dogara da folda maimakon fuska.

Da takardar turawa da kati mai rai, kuɗin ganin likita ba ya nauyi, ko da yake wasu gwaje-gwaje da magungunan da ba sa cikin jeri daga aljihu ne. Wahalarsa sammako da jira, kuma ranar komawa wurin ƙwararre kan yi nisa. Wajen ɗorewa babu kamarsa, ba zai tashi ya koma wata unguwa ba. Haɗarinsa shi ne ɓacewa cikin taro. Tsohon da ya tsallake ranarsa sau ɗaya saboda rasuwa ko biki, sai ya ji nauyin komawa, magani ya ƙare, a wayi gari wata huɗu babu wanda ya auna shi.

Asibitin gwamnati na gunduma

A nan zan daɗe, don nan ne yawancinmu ya kamata mu duba da kyau. Manhyia, kusa da fadar Asantehene, sarkin Ashanti, shi ne a bakin Asawase da Aboabo da Alabar. Akwai na Tafo, akwai Suntreso, akwai Kumasi South a Atonsu. Dukansu suna ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Ghana, dukansu suna karɓar kati.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne irin wannan asibiti ƙofa biyu gare shi. Ta farko ita ce OPD, sashen masu zuwa a duba su su koma gida, inda kowa yake bin layi, mai tari da mai zazzaɓi da mai ciwon baya, kuma wanda ka tarar a bakin aiki shi ke nan, likita ne ko mataimakin likita. Wanda yake kai hawan jininsa ta wannan ƙofa kowane wata, ƙirgarsa ba za ta fi ta mai yawon asibitoci ba. Ƙofa ta biyu ita ce ranar masu hawan jini da suga, wadda da yawa daga waɗannan asibitoci suke warewa a mako. A ranar, nas-nas ɗin da suke awo su ne dai na watan jiya, masu duba mutane kaɗan ne, an san fuskoki. Sai ka tambaya tun a ɗakin kati: wace rana ce ta masu suga da hawan jini, kuma yaya ake shiga rajistarta?

A irin wannan rana, a wani asibitin gwamnati da ba shi da nisa da mu, muka tsaya da Mma. Zuwanta na uku nas ɗin ta ɗaura mata abin awo a dantse, ta dubi lambar, ta dube ta, ta ce, "Hajiya, yau ba ki sha maganin ba kika fito, ko?" Mma ta yi murmushi ta ce ba ta karya ba tukuna. Nas ta buɗe shafin baya ta nuna mini: duk ranar da lambar ta haura 140 bisa 90 sosai, ranar ce aka yi sammako ba a sha magani ba. Baƙon likita da ya ga lambar ranar kaɗai zai iya ƙara mata magani. Wadda ta san ta cewa ta yi ta riƙa sha kafin ta fito, a sake aunawa. Wannan shi ne amfanin sanin mutum, kuma sau da yawa a hannun nas yake, don haka a sa ta cikin ƙirga.

Harshe ma yana cikin lissafi. Aiki a asibitocin Kumasi da Twi da Turanci ake yin sa. Tsofaffinmu da yawa suna jin Tonanci, wato Twi, na ciniki, amma bayanin ciwo wani abu ne daban. A asibitin da yake maƙwabtaka da zango an fi samun ma'aikaci mai jin Hausa, kuma tsohuwa ta fi sakin jiki ta faɗi gaskiyar abin da take sha.

Rauninsa a fili yake. Wani lokaci magani yakan yanke, a rubuta maka ka saya a waje. Wani lokaci a ba ka magani iri ɗaya amma na wani kamfani, launi da kwali sun canza, tsoho ya ɗauka sabon magani ne ya haɗa da ragowar tsohon. Wasu gwaje-gwaje sai a waje, kai za ka dawo da sakamakon da hannunka. Ma'aikaci kuma ana iya yi masa canjin wurin aiki, ko ya tafi ƙaro karatu, ko ya bi sahun masu tafiya Ingila. Sai maganar turawa: tsarin Ma'aikatar Lafiya na 2012 ya tanadi cewa asibitin da aka tura ka ya mayar da bayani ga wanda ya turo ka, amma kada ka zauna jira. Kafin ka bar wurin ƙwararre ka roƙi a rubuta maka abin da aka gano da abin da aka canza, ka kai da kanka.

Asibitin mishan

Asibitocin da suke ƙarƙashin CHAG, ƙungiyar asibitocin Kirista ta Ghana wadda aka kafa a 1967, irin na SDA da ke Kwadaso, suna karɓar kati kuma ba sa tambayar addinin mai ciwo. A wajen kuɗi da tsari kusan ɗaya suke da na gunduma, don haka da ma'auni ɗaya za a auna su. Abin da zai raba gardama shi ne nisa. In sai an hau mota biyu, ranar komawa za ta fara tsallakewa.

Asibitin kuɗi

A nan ake samun dangantaka mafi kyau, a nan kuma ake samun ruɗi mafi girma. Ƙaramin asibitin da mai shi likita ne, yana zaune a ciki kullum, yana iya ba ka shida cikin shida a ƙirga. Yana da lokacin sauraro, layi gajere ne, wani ma zai ba ka lambar wayarsa. Ga ɗan kasuwar da ba zai iya rufe shago wuni guda ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Amma wasu asibitocin kuɗin da likitocin haya suke aiki, masu zuwa da yamma bayan sun tashi daga aikin gwamnati, yau wannan gobe wancan. Gini ɗaya ne, kujeru masu laushi, fuska kuwa tana canzawa. Kafin a buɗe folda a tambaya kai tsaye: wane likita ne zai riƙa ganinta, waɗanne ranaku yake zama, in ba ya nan wa yake karanta foldarta? A duba lasisin hukumar HeFRA, wadda doka mai lamba 829 ta 2011 ta ɗora wa rajistar wuraren kiwon lafiya. A tambaya ko suna karɓar NHIS, kuma me katin yake ɗauka a wurinsu, don wasu suna karɓa wasu ba sa karɓa.

Wajen haɗin kai da sauran asibitoci, foldar asibitin kuɗi takan tsaya a cikin ginin. Ranar da ciwo ya tashi tsakar dare aka garzaya Gee, likitan gaggawa ba shi da hanyar ganin abin da aka rubuta a can, sai abin da kuka riƙo a hannu. Likitan kuɗi na kirki shi ne mai rubuta takardar turawa cikakkiya, kuma in kun dawo ya ce a ba shi abin da ƙwararren ya rubuta.

Babban abin da nake jin tsoro a nan shi ne ɗorewa. Ciwon na shekaru ne, kuɗin da ake turowa daga waje kuwa yana da ranar da zai yi jinkiri. Idan an saba wa tsohuwa da magani mai tsada na wani kamfani, sai wata ɗaya kuɗi bai zo ba, sai ta fara raba ƙwaya biyu ko ta tsallake kwana. Gidan da zai zaɓi wannan hanya ya lissafa kuɗin shekara guda cif, ganin likita da gwaji da magani, ya ga ko zai iya ɗauka ba tare da jiran kowa ba. Kuma a ce wa likitan ya rubuta asalin sunan magani, yadda za a same shi ko'ina.

Famasi da kantin magani

Biyu ne, kada a haɗa su. Famasi yana da ƙwararren mai harhaɗa magani. Kantin magani na unguwa lasisinsa na magungunan da ba sa bukatar takardar likita ne kawai, kuma na hawan jini da suga ba sa ciki. Hukumar kula da harhaɗa magunguna ce take ba dukansu lasisi.

Ba zan raina famasi ba, shi ya ceci Mma. Wajen kusanci da sanin mutum babu mai kama shi, kuma shi kaɗai ne wurin da duk magunguna suke iya haɗuwa a kan kanta ɗaya a dube su tare. Amma ba ya gwada ƙoda, ba ya duba bayan ido, ba ya da foldar ciwo. Wanda yake kai tsohon kwali a sake cika masa shekara biyu ba tare da ganin likita ba, yana shan maganin jikinsa na shekara biyu da suka wuce. Metformin yana bukatar a san ƙarfin ƙoda. Diklofenak da ire-irensa da ake saya don ciwon gwiwa suna iya ɗaga hawan jini su taɓa ƙoda. Famasi mataimaki ne nagari, a riƙe guda ɗaya a riƙa saye a wurinsa, amma ba zai zama gida ba.

A taƙaice cikin jadawali

Wannan hukuncina ne bisa ma'aunan da na shimfiɗa. Kowane gida ya gwada da nasa tambayoyi shida.

| Wuri | Ganin mutum ɗaya | Tafiyar bayani | Kuɗi | Sauƙin zuwa | Ɗorewa | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Gee | Da wuya | Mai kyau a cikin harabar | Sauƙi da kati da takardar turawa | Sammako da jira | Mai ƙarfi | Tsallake rana a ɓace |
| Na gunduma, ranar masu suga da hawan jini | Sau da yawa | Matsakaici, sai ka taimaka | Mafi sauƙi | Kusa, rabin wuni | Mai kyau | Yankewar magani, canjin ma'aikaci |
| Na gunduma, OPD kawai | Da wuya | Matsakaici | Mafi sauƙi | Kusa, layi | Mai kyau | Kowa ya taɓa magani |
| Na mishan | Ya danganta | Matsakaici | Sauƙi da kati | Ya danganta da nisa | Mai kyau | Nisa |
| Na kuɗi | Sosai, in likitan zaunanne ne | Rauni a wajen ginin | Tsada | Mafi sauƙi | Gwargwadon aljihu | Yankewar kuɗi |
| Famasi | Sosai | Magunguna kawai | Daga aljihu galibi | Bakin layi | Mai kyau | Shekaru babu gwaji |

Duk wanda aka zaɓa, akwai abu ɗaya da ya ɗaga makinmu fiye da komai: littafin rubutu irin na 'yan makaranta. Shafin farko sunayen magunguna da yawan da ake sha da wanda ya rubuta. Bayansa awon kowane zuwa, da sakamakon gwaji a manne, har da HbA1c mai nuna matsakaicin suga na wata biyu zuwa uku, da ranar da aka duba ido da ƙafa da ƙoda, waɗanda ake so mai suga ya yi aƙalla sau ɗaya a shekara. Littafin yana cikin ledar magani, ledar kuma tana bin Mma ko wa ya raka ta. Muka kuma tsayar da mutum ɗaya a gida wanda duk canjin magani sai ya sani.

Wa ya dace da wanne

Mai hawan jini ko suga da bai taɓa wata gaɓa ba, ko tsoho mai dogaro da kati: asibitin gunduma ko na mishan mafi kusa, ta ƙofar ranar masu ciwon. A ba shi zuwa uku, a yi tambayoyi shida bayan kowane zuwa. In har zuwa na uku ana faro labari daga tushe kuma ba a duba gwajin baya, a nemi wani.

Wanda ciwon ya taɓa ƙoda, ido ko zuciya, ko ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki, ko maganinsa ya kai uku da huɗu lambar ba ta sauka ba: Gee da takardar turawa. A tambayi ƙwararren a fili, wa zai riƙa rubuta maganin wata-wata, ku ko asibitin da ya turo mu? Hannu ɗaya ya riƙe alƙalami.

Ɗan kasuwa ko ma'aikacin da lokaci ya fi kuɗi tsada a wurinsa, kuma aljihunsa zai ɗauki shekara: asibitin kuɗi mai zaunannen likita, tare da katin NHIS mai rai saboda ranar kwanciya.

Mai yawan tafiya tsakanin Kumasi da Accra, Tamale ko Lagos: wuri ɗaya a Kumasi don gyaran magani, littafi a jaka, kuma duk abin da aka canza a hanya a kawo shi gida a tantance.

Mai suga da yake niyyar azumi ko aikin Hajji, musamman mai allurar insulin ko mai shan glibenklamaid, waɗanda suke iya sauke suga ƙasa da kima in an daɗe ba a ci ba: ya ga wanda ya san shi tun watan Sha'aban, ko makonni kafin tashi, a gyara lokacin shan magani, a rubuta masa takardar ciwonsa da maganin da zai ishe shi har ya dawo.